Baƙo Makaho Ne: Sharhi Kan Bidiyoyin 'Yan Kasuwarmu Daga Chana



Mako uku ke nan, bayan mun idar da sallar isha'i a masallacin layinmu a nan Isolo, wani yaro cikin masu harkar waya ya matso kusa da ni, ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Allah gafarta Malam, dubi wannan. Ashe duk ƙarya ake mana." Na karɓa, na gyara tabarau. Bidiyo ne na minti biyu da 'yan kai. Wani ɗan uwanmu ne Bahaushe, da jin harshensa ka san Bakano ne, yana tsaye a harabar wani masallaci a Gwangzu ranar Juma'a, yana juya waya hagu da dama. Sahu ya cika har ya tumbatso waje. Yana cewa wai ga shi nan, jama'a su gane wa idonsu, Musulmi na sallarsu a Chana ba mai ce musu kanzil, duk zancen da ake yi na takura wa Musulmi farfagandar Turawa ce. Daga nan ya shiga wani ɗakin cin abinci, ya nuna kwanon taliya da naman sa, ya ce halal ce tsantsa, ya yi bisimilla, bidiyo ya ƙare.

Irin wannan bidiyon ya yi yawa yanzu a TikTok da Facebook da zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwa. Kusan duk wanda ya samu biza ya sauka a Gwangzu ko Yiwu sai ya yi nasa. A kansu nake son yin magana, don na ga sun fara zama hujja a bakin matasanmu, kuma ni ma na taka inda masu bidiyon suka taka. Tun 2011 nake zuwa sarin darduma da carbi da agogon kiran salla. Masallacin da ya nuna na sha yin Juma'a a cikinsa. Taliyar nan ma na ci ta har ta gundure ni.

Bari in fara da ba shi haƙƙinsa. Duk abin da ya nuna gaskiya ne, bai haɗa hoto ba. Masallacin shi ne wanda ke kusa da kabarin da mutanen garin ke cewa na Sayyidina Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ne, Allah Ya ƙara masa yarda. Mu dai abin da muka karanta a Islamiyya shi ne Sa'ad ya rasu a kusa da Madina, aka rufe shi a Baƙi'a, amma wannan wata magana ce daban, kuma ban taɓa tsayawa gardama da su a kai ba, mutanen da suka riƙe sunan sahabi shekaru aru-aru a ƙarshen duniya ba gardama suka cancanta ba. Akwai kuma tsohon masallacin Huwaishen mai doguwar hasumiya a cikin gari. Akwai unguwar Shiyawbei inda baƙaƙen fata Musulmi suka fi taruwa, 'yan Mali da Gini da Nijar da namu, za ka ji Hausa da Bambaranci da Larabci a kan titi kamar kana Zangon Agege. A Yiwu ma akwai babban masallaci, ranar Juma'a ba masaka tsinke.

Zaman yau da kullum da su kuwa, wanda bai je ba ba zai gane ba. Ciniki da kalkuleta ake yi, ka danna naka ya danna nasa, ya girgiza kai kamar ka zagi mahaifinsa, ka miƙe za ka tafi ya riƙo hannun rigarka. Kuɗin hannu sun kusa daina aiki, komai da WeChat ake biya, har mai sayar da ayaba a bakin titi. WhatsApp da Facebook ba sa buɗewa sai da dabara. Duk otal ɗin da ka sauka sai an ɗauki fasfonka an sanar da 'yan sanda, in kuwa gidan wani ka sauka, kai ne za ka kai kanka ofishinsu a rubuta. Ruwan zafi suke sha ko ana zafin da ya fi na Sakkwato. Naman alade kuwa ya shiga komai nasu, har man suya, shi ya sa ɗan kasuwarmu ba ya wuce shagunan taliyar nan masu koren allo. A jirgin ƙasa na cikin gari za ka zauna, kujerar kusa da kai ta zauna fayau alhali mutane na tsaye. Wata tsohuwa ta taɓa goga yatsanta a bayan hannuna ta duba ko baƙin zai fita. Ban ji haushi ba, dariya ma ta ba ni, don na tuna yadda yaran ƙauyenmu ke bin Bature da ido.

Kuma akwai mutanen kirki a cikinsu, wallahi akwai. Mutumin da na fi daɗewa ina sayen darduma a wurinsa ba Musulmi ba ne, ba ya bin kowane addini da na sani. Amma in lokacin azahar ya yi, shi da kansa zai dubi agogo ya nuna mini lungun sito, ya zaro sabuwar darduma daga leda ya shimfiɗa. Ya taɓa ba ni kaya bashi da baki kawai lokacin da naira ta faɗi, abin da wasu 'yan uwana na jini ba su yi mini ba. Don haka duk wanda ya zo karanta wannan sharhi yana jiran in zagi 'yan Chana a dunƙule, to ya yi haƙuri, ya buɗe wani shafin.

Inda na rabu da mai bidiyo shi ne inda ya tashi daga "na gani" ya koma "babu". Ya ga sahu a Gwangzu, sai ya yanke hukunci a kan ƙasa mai mutum sama da biliyan ɗaya da miliyan 400. Mu da muka yi ɗan karatun fiƙihu mun san sharaɗin shaida: abin da idonka ya gani a wurin da abin ya faru. Mutum ba ya tsayawa a Oshodi ya rantse cewa ba a yi ruwa a Gusau ba. Yankin da ake maganar takurawar, wato Shinjang, yana can ƙuryar yammacin ƙasar. Daga Gwangzu zuwa babban birninsa Urumci ya haura kilomita 3,000, jirgin sama ma sai ya yi wajen awa biyar. Nisan ya ninka na Legas zuwa Kano kusan sau huɗu. Girman yankin kaɗai ya kusa ninka Najeriya biyu. A cikin masu bidiyon nan wa ya je? Cikin waɗanda na sani, babu ko ɗaya. Daga filin jirgi sai otal, sai kasuwa, sai ofishin masu kago, sai Addis Ababa, sai Ikeja.

Sannan ina roƙon wanda ke da bidiyon a wayarsa ya sake kunnawa, ya tsayar da shi daidai wurin sahu, ya dubi fuskoki da kyau. Larabawa zai gani, da 'yan Pakistan, da mu baƙaƙe, sai tsirarun 'yan ƙasa yawancinsu manya. Ina yara? Wannan ce tambayar da ta fi damuna, ni da na tashi da allo a hannu. A nan unguwarmu, in kana son sanin lafiyar Musulunci ba ranar Juma'a za ka duba ba, da la'asar za ka fito ka ji hayaniyar 'yan Islamiyya, 'yan mata da ƙananan hijabai suna rige-rigen tsallaka kwata. A duk zuwan da na yi Chana ban taɓa jin wannan hayaniyar ba. A yankuna da dama na ƙasar hukuma ta hana koya wa yaro ɗan ƙasa da shekara 18 addini a masallaci ko makaranta. Sahun baƙi 'yan kasuwa zai cika muddin akwai kaya a kasuwa. Sahun 'yan gida kuwa yaran yau ne za su cika shi nan da shekara 30, kuma wayar mai bidiyo ba ta nemo su ba.

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar Musulmin Chana a matsayin abu guda. Gwamnatinsu ta lissafa ƙabilu 56, goma daga ciki Musulmi ne, manyan biyu su ne Hui da Uigur, kowacce ta haura mutum miliyan 11. 'Yan Hui yarensu Sinanci ne, kamanninsu irin na sauran jama'a, farar hula ce kawai ke raba su. Galibi su ne masu shagunan taliyar da muke ci, daga cikinsu ne kuma ake samun tafintocin Larabci a kasuwa. 'Yan Uigur kuwa yarensu dangin na Turkawa ne, da haruffan Larabci suke rubuta shi kamar ajaminmu, fuskarsu daban, abincinsu gurasa da tsire da shinkafa dafa-duka da naman rago, kuma suna da ƙasar kakanni da suke kallo a matsayin tasu. A idon hukuma da idon mutumin titi waɗannan biyun ba ɗaya ba ne. Wanda ya ci taliyar ɗan Hui ya ce ya san halin da ɗan Uigur ke ciki, kamar wanda ya ci amala a Mushin ne ya ce ya san halin mutanen Gwoza, tunda ai duk Musulmin Najeriya ne.

Yadda na gane wannan bambancin ba a littafi ba ne. Mutumin kirkin nan mai shimfiɗa mini darduma, wata rana muna tafe da shi muka wuce wani mai gasa gurasa a bakin titi, dogon mutum mai gashin baki. Na tsaya zan saya, sai ya ja ni gefe, ya sa tafinta ya faɗa mini in riƙe jakata da kyau, wai mutanen Shinjang ɓarayi ne kuma da wuƙa suke yawo. Ya faɗe ta cikin sauƙi, irin yadda ake gargaɗin baƙo kan ruwan famfo. Na yi shiru. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne na san wannan jimlar, na san ta kalma da kalma. Ita ce maigidan haya na farko da na nema a garin nan ya faɗa wa dillali a gabana, yana zaton ba na jin Yarabanci: Mola ne, da wuƙa suke kwana. Na koma washegari ni kaɗai na sayi gurasar. Na yi masa sallama, ya amsa da cikakkiyar amsa har da wa barakatuhu, ya ɗora hannu a ƙirji. Shekaru da dama in na sauka sai na nemi wurinsa. Zuwan da na yi a 2018 ban same shi ba, shi da sauran masu tsiren layin. Na tambayi tafinta, wani saurayi ɗan Hui mai yawan surutu, sai ya dubi wayarsa, ya dube ni, ya ce, "Alhaji, mu je mu duba kayanka." Ban sake tambaya ba. Ba zan ce ga abin da ya sami mai gurasa ba, don ban gani ba, kuma ba zan yi abin da nake sukar wasu a kai ba.

Amma akwai abubuwan da ba sai an je ba, don hukumar ƙasar da kanta ta rubuta su. Daga 1 ga Afrilu 2017 wata doka ta fara aiki a Shinjang wadda ta lissafa alamomin tsattsauran ra'ayi, a ciki har da rufe fuska ga mata da tara gemun da suka kira wanda ya saɓa wa al'ada. Ku dubi sahun gaba na masallacinmu da asuba ku ƙirga mutum nawa wannan dokar za ta bari. A watan Agusta 2018 wani kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce yana da rahotanni masu ƙarfi cewa ana tsare da mutum kusan miliyan ɗaya a sansanoni. Da farko gwamnatin Sin ta musa, daga baya ta ce e, akwai wuraren, amma makarantun koyon sana'a ne da wanke tunanin ta'addanci, a ƙarshen 2019 kuma ta ce duk ɗaliban sun yaye. Ranar 31 ga Agusta 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar ya fitar da rahoto, ya ce abin da aka yi zai iya kaiwa laifin cin zarafin bil Adama. Gwamnatin Sin ta yi fatali da rahoton. Su ma 'yan Hui ɗin da ake ganin sun tsira, guguwar ta iso su ta wata fuskar. A 2019 aka umarci masu shagunan halal a Beijin su cire rubutun Larabci daga allunansu. An bi masallatai ana sauke ƙubba da hasumiya ana ɗora rufi irin na gargajiyar ƙasar. A watan Mayu 2023 sai da jama'a suka yi arangama da 'yan sanda a ƙofar masallacin Najiyayin da ke lardin Yunnan a kan wannan. Mai bidiyonmu da ya ɗaga wayarsa sama kaɗan ya nuna allon shagon da ya ci taliya, da wataƙila mun ga gurbin da kalmar halal take a da.

Na san amsar da za a ba ni, don an riga an ba ni ita a teburin mai shayi. Za a ce Amurka ce ke kururuta maganar don tana kishin Chana. Wannan gaskiya ne, kuma ni ba yaro ba ne. Ƙasar da ta rusa Iraƙi a 2003, ta kuma ba da makaman da aka ruguza Gaza da su, ba za ta koya mini tausayin Musulmi ba. Ita ɗin ce ma ta tsare 'yan Uigur 22 a Gwantanamo shekara da shekaru. Amma in ɓarawo ya ce maka gidan ƙanenka ya kama wuta, leƙawa za ka yi, ba tsayawa karanta tarihin satarsa ba. Za a kuma ce ai su ma sun yi ta'adi. An yi. A rikicin Urumci na Yuli 2009 mutum kusan 200 suka mutu, a tashar jirgin ƙasa ta Kunmin a watan Maris 2014 wasu suka sassare mutum 31 da wuƙaƙe. Mu da Boko Haram ta kashe wa 'yan uwa a masallaci da tasha ba za mu raina wannan ba. Sai dai mu ne kuma muka san ɗacin a kama gari guda saboda laifin mutum goma.

Ko mun manta? A watan Yuni 2014 aka tare matafiya 'yan Arewa 486 a jihar Abiya aka ce 'yan Boko Haram ne. A nan Agege, ƙarshen Agusta 2019, aka tare mota ɗauke da samari 123 'yan Jigawa da baburansu, aka zaunar da su a ƙasa ana ɗaukar su hoto kamar an kama ganima, daga baya aka sake su don ba a same su da komai ba. Waɗanda suka ga Idi-Araba a Fabrairun 2002 har yau ba sa son a tayar da zancen. To a ce a wannan makon ne wani Balarabe ɗan kasuwa ya sauka a babban otal a Ikeja, ya yi Juma'a a babban masallacin Legas, ya ci suya, ya ɗauki bidiyo ya ce wa mutanensa Hausawa na zaune lafiya lau a Ikko, duk wanda ya ce ana tsangwamar su maƙaryaci ne. Me za mu ce masa? Bai yi ƙarya a abin da ya gani ba. Baƙo ne mai dala a aljihu, kowa na masa murmushi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma shi kansa murmushin da ake wa baƙon mun ga iyakarsa. A watan Afrilu 2020, lokacin korona, a wannan Gwangzun da ake yaba mana aka fitar da baƙaƙen fata daga gidajen haya da otal-otal, mutane suka kwana a ƙarƙashin gada da jakunkunansu, har wani reshen McDonald's ya manna takarda cewa baƙar fata ba ya shiga, daga baya kamfanin ya ba da haƙuri. Sai da Femi Gbajabiamila, yana kakakin majalisar wakilai a lokacin, ya kira jakadan Sin ya kunna masa bidiyon a gabansa. Mu muna da jakada, muna da fasfo, muna da kakakin majalisa, muna da gidan da za mu koma. Ɗan Uigur wa zai kira wa jakada?

Ba gwamnatocinmu ba dai. A watan Maris 2019 ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC ta zauna a Abu Dabi ta yaba wa Sin kan yadda take kula da Musulminta. A watan Yuli na shekarar ƙasashe 22 suka rubuta takardar suka, sai wasu 37 suka rubuta ta goyon bayan Sin, a ciki akwai Saudiyya da Masar da Pakistan da Aljeriya, akwai kuma Najeriya. A Oktoba 2022 aka nemi a yi muhawara kawai, muhawara fa, a majalisar kare haƙƙin ɗan Adam, aka kayar da buƙatar da ƙuri'a 19 da 17, kuma cikin ƙasashen Musulmi Somaliya ce kaɗai ta ce a yi. Dalili ba ɓoyayye ba ne. Jirgin ƙasan da ke wucewa ta Agege zuwa Ibadan tun 2021 kamfanin Chana ne ya shimfiɗa layinsa, da bashinsu. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Wanda ya yi magana da babbar murya ɗan ƙwallo ne, Mesut Ozil, a Disambar 2019, kuma 'yan Arsenal na gidan kallon layinmu za su tuna abin da ya biyo baya: talabijin ɗin gwamnatin Sin ya fasa nuna wasansu da Manchester City, ƙungiyar tasa kuma ta yi maza ta ce ba da yawunta ya yi ba.

Kada masu ɗaya ɓangaren su ji daɗi, don su ma ina da magana da su. Akwai masu tura mana hotunan gawarwaki da ƙona Alƙur'ani a WhatsApp, a rubuta wai Chana ce, a ƙara da cewa duk wanda bai tura wa mutum goma ba zai yi bayani ranar lahira. In ka bi diddigi sai ka tarar hoton na wata ƙasa ne, na wata shekara. Lokacin korona aka yi ta yaɗa bidiyon shugabansu Shi Jinping a cikin masallaci, wai ya zo roƙon Musulmi su yi wa ƙasar addu'a, har wani ya nemi in faɗa a wa'azi. Ashe ziyara ce da ya kai wani masallaci a yankin Ningshiya tun 2016. Irin wannan yana cutar da waɗanda ake cewa ana tausayawa, don duk ƙaryar da aka kama sai ta zama garkuwa ga mai musun gaskiyar. Suratul Hujurat ta umarce mu da bin diddigin labari, kuma umarnin bai ware labarin da ya yi mana daɗi ba. Haka nan ban yarda a huce a kan ɗan Chanan da ke kamfani a nan Isolo ko mai shago a China Town ta Ojota ba. Shi ma ɗan ci-rani ne irinmu, ya baro iyali ya zo neman abinci, yawancinsu ba su san abin da ke faruwa a Shinjang ba sai abin da talabijin ɗin gwamnatinsu ya nuna musu. In muka ɗora masa laifin hukumarsa, mun zama maigidan hayan nan da ya ƙi ni.

Me ya sa 'yan uwanmu ke yin bidiyon? Wasu da zuciya ɗaya, murnar ganin masallaci a inda ba su zata ba, ni ma na zubar da hawaye a Juma'ata ta farko. Wasu kuwa talla ce, a ƙarshen bidiyon za ka ga lambar waya, mai neman biza ko kago ya tuntuɓa. Mai irin wannan sana'ar dole ya nuna ƙasar a matsayin aljannar duniya. Akwai kuma tsoro, kuma ba na raina shi. Kowa ya san wayarsa da WeChat ɗinsa ba sirri ba ne a can, kowa na son a sake buga masa biza. Ban ce wa kowa ya tsaya a tsakiyar Shiyawbei ya yi huɗuba ba, ni ma ban yi ba, kun ji yadda na haɗiye tambayata a gaban tafinta. Wanda ba zai iya faɗa ba, shiru na nan, ba a biyan kuɗinsa. Ya nuna masallaci ya ce ga masallaci, ya nuna taliya ya ce ga taliya, ya faɗi farashin kaya, ya tsaya nan. Amma ya ƙara da cewa babu wanda ake zalunta, alhali bai je ba, bai tambaya ba, wanda zai tambaya ma ba zai iya amsa masa ba, wannan sunanta shaidar zur, kuma duk ɗan Islamiyya ya san a wane layi aka jera ta cikin manyan zunubai.

Yaron da ya kawo mini wayar ya saurari duk wannan, ko mafi yawansa, muna zaune a kan dakalin masallaci har mai gadi ya fara kashe fitilu. Sai ya yi mini tambayar da na san za ta zo. Ya ce, "To Baba Malam, dardumar da muka yi salla a kai yanzu fa, daga ina take?" Na ce daga Yiwu, ni na kawo ta, ni na ba masallaci sadaka. Na ƙara masa da abin da bai tambaya ba: sama da kashi 80 cikin 100 na audugar Chana a Shinjang ake noma ta, akwai kuma zargin aikin tilas a gonaki da masaƙun yankin, wanda su suke musantawa. Shaddar da ke jikina da atamfar da ke jikin mahaifiyarsa, ba wanda zai rantse a cikinmu daga wace gona zarensu ya fito. Masaƙun Kaduna da Kano sun mutu, ta Aswani da ke nan bayanmu sunanta kawai ya rage a kan kasuwar Talata. Ya ce to zan daina sarin ne? Na ce masa ban yanke ba tukuna, ina da 'ya'ya bakwai da yaran shago uku, na dai fara tambayar farashin ta Turkiyya, ta kusa ninka waccan. Kwantenar da na yi oda tun kafin azumi tana kan ruwa, ejan ya ce ƙarshen wata za ta iso Apapa.